Gilashin VR da wasannin yaƙin sararin samaniya: Asalinsu, aikinsu da hanyar isarsu Kudancin Kano

Gilashin VR na'ura ce da ake ɗaurawa a kai ta rufe idanu ruf, ta nuna wa mai sanye da ita wata duniya da kwamfuta ta zana, ta yadda duk inda ya juya kansa hoton zai juya tare da shi. Haruffan biyu taƙaitawa ce ta sunan Turanci mai nufin zahiri na kwaikwayo, wato abin da ido da kunne ke ɗauka gaskiya ne alhali zane ne. A cikin dukan nau'o'in wasannin kwamfuta, waɗanda matasa ke kira gem, da wuya a sami wanda ya dace da wannan na'ura kamar wasan yaƙin sararin samaniya, inda mai wasa ke zama a kujerar matuƙin kumbo yana fafatawa da abokan gaba a tsakanin taurari. Duk da haka, shi ne ɗaya daga cikin nau'o'in da kasuwa ta fi juya wa baya. Wannan saɓani ne zai yanke ko gilashin zai isa garuruwa irin su Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, da kuma irin wasan da zai zo da shi idan ya iso.

Yadda gilashin ke yaudarar ido

A cikin gilashin akwai ƙaramin allon nuna hoto, wani lokaci guda biyu, da madubin ƙara girma a gaban kowane ido. Ana nuna wa idon dama hoto ɗaya, a nuna wa na hagu wani da ya ɗan bambanta da shi, daidai da tazarar da ke tsakanin idanun mutum. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa su ta fitar da nisa da kusa, kamar yadda ta saba yi kullum. Akwai kuma na'urorin auna juyi, irin waɗanda ke sa hoton wayar hannu ya juya idan an kwantar da ita, da ƙananan kyamarori a jikin gilashin da ke kallon bango da kayan ɗaki domin gane inda kan mutum yake. Da su na'urar ke sanin ya sunkuya, ya ɗaga kai, ya matsa gaba ko ya karkata.

Wahalar aikin tana wajen sauri. Fim na sinima yana nuna hoto 24 a kowane sakan, ido kuma ya gamsu. Gilashin VR yana bukatar wajen hoto 90 a sakan, ga kowane ido. Injiniyoyin fannin sun daɗe da ɗaukar milisakan 20, wato kashi 20 cikin 1,000 na sakan, a matsayin iyakar jinkirin da ya kamata a samu tsakanin juya kai da juyawar hoto. Idan aka wuce haka sai jiri ya fara, tashin zuciya ya biyo baya.

Dalilin jirin yana cikin kunne. Can ciki akwai sashen da ke auna daidaiton jiki, shi ke shaida wa ƙwaƙwalwa ko mutum na tafiya ko yana tsaye. Fasinjan da ke karanta saƙo a waya cikin mota a kan hanya mai kwana-kwana yakan ji zuciyarsa na tashi, domin kunnensa na jin motsi amma idonsa na kan abin da bai motsa ba. A cikin gilashin akasin haka ke faruwa: ido na ganin gudu, kunne na cewa a zaune ake. Sakamakon ɗaya ne.

Iri uku ne a kasuwa, kuma bambancinsu ya fi komai muhimmanci ga mai saye. Akwai mai cin gashin kansa, wanda kwamfutarsa da batirinsa ke jikinsa, kamar Quest na kamfanin Meta. Akwai wanda sai an jona shi da kwamfuta mai ƙarfi, kamar Valve Index da HTC Vive. Sai wanda ke aiki da injin gem na PlayStation, wato PlayStation VR na kamfanin Sony. Quest 2 ya fito a watan Oktoban 2020 a kan dala 299, Quest 3 a Oktoban 2023 a kan dala 499, sai Quest 3S a Oktoban 2024 a kan dala 299. PlayStation VR2 ya fito a Fabrairun 2023 a kan kusan dala 550, ban da kuɗin injin PS5 da a lokacin ba ya aiki sai da shi. Na kamfanin Apple, Vision Pro, ya fito a Fabrairun 2024 a kan dala 3,499, kuma ba domin gem aka fi yin sa ba.

Tunanin ba sabo ba ne. Ivan Sutherland ya haɗa irin wannan na'ura a Jami'ar Harvard ta Amurka a 1968, wadda ke haɗe da wani ƙarfe da aka rataye daga rufin ɗaki. Kamfanin Nintendo ya gwada sa'arsa da Virtual Boy a 1995, ya janye shi daga kasuwa cikin ƙasa da shekara guda. Zamanin da ake ciki ya fara ne a 2012, lokacin da wani matashi Ba'amurke, Palmer Luckey, ya nemi gudunmawar jama'a ta intanet domin ƙera Oculus Rift, ya tara dala miliyan 2.4. Shekara biyu bayan haka Facebook ya sayi kamfanin a kan kimanin dala biliyan 2, kuma a 2021 ya sauya wa kansa suna zuwa Meta domin nuna inda ya sa gaba.

Abin da ya sa kumbo ya dace

Yawancin wasanni suna cin karo da matsala guda idan aka sa su cikin gilashin. Jarumin wasan yana gudu, yana tsalle, yana ratsa daji, mai wasan kuwa yana tsaye cikin ɗaki mai taku huɗu. Duk wata dabara da aka ƙirƙiro domin rufe wannan giɓi tana rage daɗin wasan ko ta ƙara jiri.

Matuƙin kumbo ba shi da wannan matsala, domin shi ma a zaune yake. Abin da jikin mai wasa ke yi a kan kujerarsa shi ne daidai abin da jikin matuƙin ke yi a cikin wasan: hannu ɗaya a kan sandar tuƙi, ɗaya a kan abin ƙara wuta, kai na waige-waige. Firam ɗin tagar kumbon da allunan da ke gaban matuƙi kuma suna nan daram ba sa motsi, sai ido ya sami abin dogaro yayin da taurari ke juyawa a waje, jirin ya ragu. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Purdue a 2015 ya nuna cewa ko hanci na bogi aka zana a tsakiyar hoton, mutane sukan ƙara jimawa kafin zuciyarsu ta tashi. Ɗakin matuƙi ya fi hanci girma nesa ba kusa ba.

Akwai fa'ida ta biyu da ta shafi faɗan kansa. A arangamar jiragen yaƙi, wanda idonsa ya kuɓuce daga abokin gaba shi ke shan kashi. A kan talabijin, da zarar jirgin abokin gaba ya fita daga allo sai mai wasa ya koma bin kibiyoyi da alamomi. A cikin gilashin kuwa ɗaga kai kawai zai yi ya bi shi da kallo ta rufin gilashin kumbon, hannunsa na ci gaba da tuƙi. Masu horar da matuƙa sun san darajar wannan tun da daɗewa. Edwin Link ya ƙera akwatin koyon tuƙin jirgi tun 1929, kuma Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana amfani da na'urorin kwaikwayon tuƙi wajen horar da ɗalibanta.

Ba a rasa nakasu ba. Abokin gaba da ke nesa ɗigo ne ƙarami, kuma idan hoton gilashin bai da kaifi sai ɗigon ya ɓace. Quest 3 yana nuna ɗigon hoto 2,064 a kwance da 2,208 a tsaye ga kowane ido, wanda ya fi na farko-farko ƙwarai, amma faɗin abin da yake nunawa wajen digiri 110 ne, alhali idanun mutum biyu na kama kusan 200. Sannan baƙin sararin samaniya yana fitowa toka-toka a allon LCD irin na Quest. Allon OLED na PlayStation VR2 ne ke ba da baƙi na sosai, wanda ke sa taurari su yi ƙyalli.

Tsohon nau'i mai gajeriyar sa'a

Yaƙin sararin samaniya yana cikin tsofaffin wasannin kwamfuta. Steve Russell da abokansa sun rubuta Spacewar! a 1962 a cibiyar MIT ta Amurka, a kan kwamfutar PDP-1: kumbo biyu na harbin juna a kewayen tauraron da ke janyo su. Space Invaders na kamfanin Taito na Japan ya fito a 1978. A 1984 wasu ɗaliban Jami'ar Cambridge biyu, David Braben da Ian Bell, suka fitar da Elite, wanda ya haɗa yaƙi da fatauci. Mai wasa na sayen haja a wata duniya da araha ya kai wata ya sayar da riba, yana kare kansa daga ƴan fashi a hanya, tsarin da duk wanda ya san tarihin ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja zai gane nan take. Wing Commander na Chris Roberts ya zo a 1990, X-Wing a 1993, TIE Fighter a 1994. Waɗannan ne shekarun da nau'in ya yi tashe. Da FreeSpace 2 ya fito a 1999, masu sharhi suka yabe shi amma ciniki ya ƙi, sai manyan kamfanoni suka ja da baya fiye da shekara goma.

Dawowar gilashin VR ta zo daidai da farfaɗowar nau'in, har mutane da yawa suka ɗauka an yi aure ke nan. Elite Dangerous ya fito a Disambar 2014 da taswirar rukunin taurarin da duniyarmu ke ciki, mai tsarin taurari kimanin biliyan 400, kuma tun farko ana iya buga shi da gilashi. Kamfanin CCP na ƙasar Aisland ya yi EVE: Valkyrie musamman domin gilashin, aka raba shi kyauta ga waɗanda suka yi odar Oculus Rift kafin fitowarsa a Maris ɗin 2016.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin da ɗan kasuwa zai fi kula da shi. A Satumbar 2017 CCP ya gyara Valkyrie domin a iya buga shi ba tare da gilashi ba, saboda masu gilashin ba su kai yawan da za su cika filin daga ba. Wata guda bayan haka ya sanar da dakatar da aikin VR, ya rufe ofishinsa na Atlanta, ya sa na Newcastle a kasuwa. A Agustan 2022 aka kashe kwamfutocin da ke haɗa masu wasan, wanda ya sayi wasan da kuɗinsa ya rasa filin da zai buga shi. Kamfanin Frontier, mai Elite Dangerous, da ya ƙara sashen sauka daga kumbo a taka da ƙafa a 2021, bai yi wa sashen cikakken tsarin gilashi ba. Star Wars: Squadrons na kamfanin EA, wanda ya fito a Oktoban 2020 da faɗan mutum 5 da 5, ana iya buga shi daga farko har ƙarshe da gilashi, kuma da yawa na ganin shi ne mafi kyawun abin da aka yi a fannin. Bayan ƴan ƙare-ƙare a ƙarshen wannan shekarar, kamfanin ya bar shi haka nan.

Lissafin a bayyane yake. A dandalin Steam, inda mafi yawan masu gem na kwamfuta ke sayen wasanni, masu gilashi wajen kashi 2 cikin 100 ne. Masu son tuƙin kumbo kuma wani ɗan yanki ne a cikin wannan ɗan yankin. Sony ya sayar da PS4 sama da miliyan 117, amma gilashinsa na farko miliyan 5 ya kai zuwa ƙarshen 2019. Shi kansa Meta, wanda rahotanni suka ce ya sayar da Quest kusan miliyan 20 zuwa farkon 2023, asara yake tafkawa: sashensa na Reality Labs ya yi asarar dala biliyan 13.7 a 2022, biliyan 16.1 a 2023, da biliyan 17.7 a 2024. Ma'ana, arahar da ake gani a farashin Quest wani ne ke biyan cikonta, kuma babu tabbacin zai ci gaba da biya.

Masoya nau'in dai ba su da yawa amma ba su da rowa. Star Citizen, wanda Chris Roberts ya fara neman kuɗinsa daga jama'a a 2012, ya tara sama da dala miliyan 700 zuwa 2024 alhali ba a kammala shi ba. A wasan EVE Online, wani gumurzu da aka yi a Janairun 2014 ya ɗauki awa 21, kuma an ƙiyasta darajar jiragen da aka tarwatsa a kan kusan dala 300,000 na kuɗin gaske. Irin waɗannan masu saye ne ke riƙe da nau'in, kuma kayan da ake yi musu kayan masu hali ne.

Yana da kyau a faɗa a nan cewa yaƙin da waɗannan wasanni ke nunawa ba shi da alaƙa da gaskiyar sararin samaniya. Babu iska a can, saboda haka babu ƙarar fashewa, kuma kumbo ba ya karkata ya sha kwana kamar shaho. George Lucas ya kwaikwayi hotunan arangamar jiragen Yaƙin Duniya na Biyu ne da yake shirya fim ɗin Star Wars na 1977, wasannin kuma suka gada daga gare shi. Rikicin gaske a kan taurarin ɗan'adam yake. Chaina ta harbo wani tsohon tauraronta da makami mai linzami a Janairun 2007, ta bar tarkace sama da 3,000 na yawo. Indiya ta yi irin wannan gwaji a 2019, Rasha a 2021. Najeriya ma tana da abin da za ta yi asara a can, tun da ta harba NigeriaSat-1 a 2003 da NigComSat-1R a 2011.

Daga gidan kallo zuwa gidan gem

A Kudancin Kano, kamar sauran ƙasar Hausa, kayan nishaɗi masu tsada ba ta gidajen mutane suke shigowa ba. Ta haya suke shigowa. Haka bidiyo ya yi, haka kallon ƙwallon Turai ya yi ta gidajen kallo, haka PlayStation ya yi ta gidajen gem, inda matasa biyu ke biyan kuɗin wasa ɗaya na ƙwallo, wasu goma na tsaye a bayansu suna jiran layi. Duk mai bin hanya daga Kwanar Ɗangora, inda titin Jos ke rabuwa da babban titin Kano zuwa Zariya, ya ratsa Tudun Wada ya nufi dajin Falgore, zai ga irin waɗannan rumfuna a garuruwan bakin hanya, da janareta na ruri a gefe ko farantin sola a kan rufi. Idan gilashin VR zai zo, nan zai sauka.

Farashi ne ya tilasta haka. A canjin naira 1,500 kan dala ɗaya, wanda shi ne wajen inda canjin ya tsaya a mafi yawan 2025, gilashin dala 299 ya kama kusan naira 450,000 kafin kuɗin dako da na kwastan da ribar mai shago. Mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Jihar Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne. Ƙaramin ma'aikaci zai haɗa albashin sama da wata 6 bai ci bai sha ba kafin ya sayi mafi arahar gilashin. Ga mai haya kuwa lissafin daban ne. A ƙaddara yana karɓar naira 500 a kan minti 10: sai mutum 900 sun sa gilashin kafin uwar kuɗi ta dawo, wato kwana 45 idan yana samun mutum 20 kullum, ban da kuɗin wuta da haya da gyara. Batirin Quest kuma wajen awa 2 yake yi, mutum 12 ke nan kafin a koma caji.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma shi ne ginshiƙin maganar. Gilashin da ya fi sauƙin kaiwa Ƙiru ko Riruwai shi ne mai cin gashin kansa, domin cajarsa ba ta wuce ta wayar hannu da yawa ba, wat 18 ce, ƙaramin farantin sola ya ishe ta. Amma manyan wasannin kumbo, Elite Dangerous da Squadrons da No Man's Sky, babu wanda ke tashi a kan Quest shi kaɗai. Sai an jona shi da kwamfuta mai katin sarrafa hoto, wadda ta fi gilashin tsada kuma takan ja wat 300 zuwa 500 idan wasa ya yi zafi. Na'urar da za ta iya zuwa ba ta da wasan, mai wasan kuma tana bukatar wutar da babu.

Maganar wuta a yankin tana da ɗaci na musamman. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, a ƙaramar hukumar Bebeji take, kuma gwamnatin jihar ta gina tashar lantarki mai megawat 10 a jikinta. An tsara wutar ne domin matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birni. Garuruwan da ke kewaye da madatsar suna kan layin KEDCO kamar kowa. A Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama sun kwashe fiye da mako cikin duhu. Tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuma, kowace awa ta janareta sai mai shago ya auna ta da abin da ya shigo aljihu.

Akwai wata hanya ta tsakiya da ba a cika ambata ba. Gidajen gem da yawa sun riga sun mallaki PS4. Gilashin PlayStation VR na farko, wanda ya fito a Oktoban 2016, yana aiki da PS4 idan an haɗa da kyamararsa, kuma yanzu sai dai na hannu, da farashin da ya faɗi ƙwarai. Squadrons na tashi a kansa, kuma yana da sashen labari na mutum ɗaya da ba ya bukatar abokan wasa ta intanet. Wannan gilashin yana kuma nuna wa talabijin abin da mai wasa ke gani, abin da ba ƙarami ba ne. Ribar gidan gem tana cikin taro, da ihu da tsokana da jiran layi. Gilashi kuwa kai ɗaya yake ɗauka ya raba shi da jama'a. In ƴan kallo ba su ga abin da ake yi ba, babu abin da zai sa su zaro kuɗi. Mai PS5 kuma zai iya haɗa PlayStation VR2 da No Man's Sky, wanda shi ma ana buga shi ba tare da intanet ba bayan an sauke shi.

Faɗa da mutane na gaske ta intanet shi ne mataki mafi nisa. Jinkirin da ake magana a nan daban yake da na juya kai: lokacin da saƙon harbi ke ɗauka ya je kwamfutar da ke haɗa masu wasa ya dawo. Yawancin waɗannan kwamfutoci a Turai da Amurka suke. Saƙo daga Tudun Wada sai ya bi turken sabis zuwa Kano, ya gangara Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku irin MainOne mai tsawon kilomita 7,000 zuwa Fotugal. Haske a cikin irin wannan waya kilomita 200,000 yake yi a sakan, saboda haka zuwa da dawowa a tekun kaɗai ya cinye milisakan 70, kafin a ƙara na tudu. Ɗan Jamus da ke kusa da kwamfutar ya riga ya harba ya kauce. MTN ya fara 5G a 2022 a birane 7 da suka haɗa da Kano, amma wannan zancen cikin birni ne. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 kafin kowace ƙasa a Afirka, yana da taurari a nisan kilomita 550 kacal, kuma yana iya kai sabis har gindin duwatsun Riruwai, sai dai kuɗin kayansa da na wata-wata wani jari ne na daban. Elite Dangerous, ko mutum shi kaɗai zai buga, ba ya tashi sai da intanet.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. Madubin da ke cikin gilashin yana tara hasken rana wuri guda, kuma Meta da kansa ya yi gargaɗin cewa ƙasa da minti ɗaya a rana ya isa ya ƙona allon ciki, lahanin da garantin kamfani bai ɗauke ba. Garantin ma da wuya ya yi amfani, tun da Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Meta ke sayar wa kai tsaye. Duk wanda aka gani a kasuwar waya ta Farm Centre ko ta titin Beirut, wani ɗan kasuwa ne ya shigo da shi. Zafin bazara da ke haura digiri 40 a Afrilu yana sa na'urar ta rage gudu ko ta kashe kanta, ga soso mai shan gumi manne da fuska. Ƙurar hunturu na toshe fankar ciki, tana kuma karce madubin idan aka goge shi da gefen riga. Kyamarorin da ke gane motsi ba sa aiki cikin duhu, saboda haka rumfar na bukatar fitila ko da mai wasan ba ya ganinta.

Sai lafiya. Na'urar da fuska 20 za su sa a yini guda hanya ce ta yaɗa ciwon ido, musamman Afolo. Sunan ciwon kansa daga sararin samaniya ya samo asali: annobarsa ta ɓulla a Ghana a 1969, daidai lokacin da kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, jama'a suka alaƙanta biyun, sunan ya bi Afirka ta Yamma. Murfin roba da ake gogewa da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane mutum shi ne maganin abin, tare da hana mai jan ido sawa. Sony ya ce kada yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ya sa gilashinsa. Meta ya sauke nasa ƙa'idar daga 13 zuwa 10 a 2023, bisa sharaɗin kulawar iyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa jarabar gem cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022, tana nufin wanda wasa ya rinjayi karatunsa da aikinsa da zamansa da iyali na tsawon lokaci.

Ta fuskar doka, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ita ke yi wa gidajen kallo rajista, kuma wajenta ya kamata mai shirin buɗe irin wannan sana'a ya fara neman bayani. Abin da zai fi jawo masa matsala shi ne duk wani abu mai kama da caca. Wasu wasanni na sayar da akwatin sa'a, a biya kuɗi ba a san abin da za a samu a ciki ba, tsarin da Beljiyam ta ayyana a matsayin caca a 2018 bayan ce-ce-ku-cen da Star Wars Battlefront II ya tayar. A jihar da Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Oktoban 2024, wannan ba abin wasa ba ne. Squadrons dai ba shi da irin wannan ciniki a cikinsa.

Inda aka dosa

Abin da zai sauya lissafin shi ne ranar da gilashi mai cin gashin kansa zai iya ɗaukar babban wasan kumbo ba tare da kwamfuta ba. Ana matsowa. PlayStation VR2 yana bin ƙwayar ido, ya zana inda ake kallo da kaifi ya sassauta sauran, dabarar da ke rage wa na'ura nauyin aiki sosai. Samsung ya fitar da Galaxy XR a Oktoban 2025 a kan dala 1,799. A Nuwambar 2025 kamfanin Valve, mai dandalin Steam, ya sanar da Steam Frame, gilashi mai kwamfuta a jikinsa wanda aka tsara ya iya tayar da wasu wasannin kwamfuta da kansa. Sababbin nan ba su ne za su zo Bebeji ba. Amfaninsu ga yankin shi ne su tura na yanzu zuwa kasuwar kayan hannu, yadda sababbin wayoyi ke cika Farm Centre da na Landan.

Masu ƙirƙira a gida ma sun fara, ko da yake ba ta ɓangaren kumbo ba. Judith Okonkwo ta kafa cibiyar Imisi 3D a Legas a 2016 domin koyar da wannan fasaha. A 2019 fim ɗin Daughters of Chibok na Joel Kachi Benson, wanda aka ɗauka domin kallo da gilashi, ya lashe kyautar labari mafi kyau a rukunin VR a bikin fina-finai na Venice, kuma a garin Chibok na Jihar Borno aka ɗauke shi. Manhajojin da ake haɗa irin waɗannan ayyuka da su, Unity da Unreal, kyauta ne ga mai koyo da ƙaramin mai sana'a. Wasan kumbo kuma yana cikin mafi sauƙin zanawa, domin mafi yawan abin da ke cikin hoton baƙin fili ne, babu itatuwa, babu fuskoki, babu taron jama'a. Gajeren wasa na minti 10, mai umarni da Hausa, wanda ke tashi a kan Quest na hannu ba tare da intanet ba, shi ne girman abin da gidan gem a Tudun Wada zai iya saya ya mayar da kuɗinsa, kuma aiki ne da bai fi ƙarfin ƴan ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Bayero ko ta Wudil ba.